Ina Kuka Kai Su? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Marubuta Da Masu Buga Labaran Baƙar Gobe

Zuwa ga marubuta, editoci, wakilan marubuta da kamfanonin ɗab'i masu fitar wa matasa ƙagaggun labaran distofiya, wato labaran baƙar gobe.

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ni ba marubuci ba ne, mai karatu ne. Shekaru da dama ke nan ina zama da matasa a da'irar karatu, mu karanta littattafanku, mu yi ta musu a kansu har muryoyi su dushe. Cikin duk abin da kuke bugawa, ban ga wanda ke riƙe su kamar labaran da nake kira na baƙar gobe ba: duniya ta ruguje saboda yaƙi ko annoba ko fari, wasu tsiraru sun hau kan kango sun kafa mulkin kama-karya, sai wata yarinya 'yar shekara 16 ta miƙe ta ce ba ta yarda ba. Ina ƙaunar waɗannan littattafai, kuma ƙaunar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Akwai wata yarinya a cikin da'irar tamu, ba za ta wuce shekara 15 ba, mai shiru-shiru, wadda sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarta. Wata rana na miƙa mata sabon littafi. Maimakon ta buɗe farko, sai ta kifa shi, ta buɗe shafukan ƙarshe, tana bin layi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsanta. Na ce mata ai za ta ɓata wa kanta daɗin labarin. Ta ce ba yadda aka ƙare take nema ba, suna take nema. Ta ji an ce a cikin littafin akwai wata tauraruwa da ke son mace irinta, shi ne take duba ko sunanta ya kai ƙarshe. "In babu shi, na san sun kashe ta, ba sai na wahalar da kaina ba." Ta duba shafi uku, ta koma baya ta ƙara biyu. Sunan ba ya nan. Ta rufe littafin a hankali, ta ajiye shi a gabana, ta ce na gode.

Ban tambaye ta dalili ba, ba kuma hurumina ba ne. Amma tun daga ranar nake tunanin yadda aka yi yarinya ƙarama ta haddace ɗabi'arku har ta iya karanta ta ta baya.

Magana nake a kan taurarin labari waɗanda zuciyarsu ke karkata ga jinsinsu, da waɗanda ba su jin sun dace da jinsin da aka rubuta musu ranar haihuwa. Na san batu ne mai nauyi wanda mutane suka saɓa a kansa matuƙa, kuma zan dawo ga wannan. Kafin nan ina so mu dubi sana'arku ita kanta.

Me azzalumai ke fara ƙwacewa a cikin littattafanku? Ba gona ba, ba dukiya ba. Zuciya. Haka wannan nau'in adabi yake tun yana jariri. A littafin We na Yevgeny Zamyatin, wanda ya rubuta a farkon shekarun 1920, sai da takardar izinin hukuma namiji da mace ke keɓewa. A 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949, soyayyar Winston da Julia ita kanta laifin siyasa ce. Da labarin ya sauko wa matasa, sai abin ya ƙara fitowa fili. A The Giver na Lois Lowry, 1993, da zarar yaro ya fara mafarkin balaga sai a ɗora shi a kan ƙwayar da zai riƙa sha kullum don ta kashe sha'awar, kuma dattawan gari ne ke zaɓa wa mutum abokin zama. A Matched na Ally Condie, 2010, hukuma ce ke haɗa saurayi da budurwa suna shekara 17, a wani babban taron liyafa. A Delirium na Lauren Oliver, 2011, an ayyana so a matsayin cuta, kuma kowa sai an yi masa aikin warkarwa idan ya cika 18.

To, ku shigo da ni cikin irin wannan zauren liyafa. Fitilu sun haskaka, iyaye sun yi layi, ana kiran sunaye bibbiyu, namiji da mace, ana tafi. Ku kuna nuna mana jarumar da aka haɗa da wannan saurayi alhali ranta na wurin wancan, kuma muna tausaya mata. Amma a wannan zaure ɗin, a kan wata kujera can gefe, dole akwai yaron da ko wace yarinya aka kira masa, hukuncin ɗaurin rai da rai aka yanke masa. Ita jarumar zaɓi ɗaya aka hana ta. Shi ko sunan abin da yake ji ba a bar masa ba. A mafi yawan littattafan da suka cika kasuwa bayan The Hunger Games ya fito a 2008, ba a taɓa juya fitila wajen wannan kujera ba. Ba a ce an kama shi ba, ba a ce ya gudu ba, ba a ce ya haƙura ya yi shiru ba. Babu shi kawai.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin shiru ma magana ce. Burin azzalumin da ke cikin labarin shi ne duniyar da babu irin wannan yaro. Idan marubuci ya zana duniyar, ya cika ta da sojoji da katanga da na'urorin leƙen asiri, sannan ya manta da yaron, to ya gama wa azzalumin aikinsa tun kafin a buɗe babi na ɗaya.

Ba kuma wai tarihi bai ba ku abin dubawa ba. Kun ɗauko sansanonin tsare mutane, da ƙona littattafai, da lambobin da ake liƙa wa fursunoni, duk daga ƙarni na 20. Amma kun ɗauki rabi kun bar rabi. A watan Mayu na 1933, 'yan watanni bayan Hitler ya hau mulki, ɗalibai 'yan Nazi suka fasa cibiyar binciken ilimin jima'i ta likita Magnus Hirschfeld a Berlin, bayan kwana huɗu aka ƙone dubban littattafanta a dandali. A ƙarƙashin sashe na 175 na dokar laifuka ta Jamus, wanda ya haramta jima'i tsakanin maza, an kama maza kusan 100,000, an yanke wa kusan rabinsu hukunci, an tura tsakanin 5,000 zuwa 15,000 sansanonin gwale-gwale, inda ake ɗinka musu ƙyalle mai kusurwa uku ruwan hoda a ƙirji. Abin da ya fi ciwo ya zo bayan yaƙi. An buɗe ƙofofin sansani a 1945, amma dokar tana nan daram, har wasu daga cikin waɗanda suka tsira aka mayar da su kurkuku su ƙarasa wa'adinsu. Jamus ta Yamma ba ta sassauta sashen ba sai 1969, ba a soke shi gaba ɗaya ba sai 1994. A Tarayyar Sobiyet, gwamnatin Stalin ta kafa tata dokar a 1934, mai ɗaurin da ya kai shekara biyar. Masu mulkin biyu abokan gaba ne na jini, amma a nan bakinsu ya zo ɗaya.

Shi kuwa aikin warkar da so da kuka ƙaga, ai an yi shi a zahiri. A 1952 kotu a Ingila ta samu Alan Turing da laifin tarayya da namiji irinsa, mutumin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus, kuma ɗaya daga cikin iyayen ilimin kwamfuta. Aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar sinadarin da zai kashe masa sha'awa. Ya zaɓi allura. Ya rasu a 1954 yana da shekara 41. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa ba sai a 1990. Wato abin da kuke sayar wa matasa a matsayin mugun mafarkin gobe, wasu mutane jiyansu ne. Kun ari ciwonsu kun ɗora wa wasu taurari, su kuma kun bar su a bakin ƙofa.

Margaret Atwood ba ta yi wannan mantuwar ba. A The Handmaid's Tale, 1985, cikin gawarwakin da gwamnatin Gileyad ke ratayewa a jikin katanga don tsorata jama'a, akwai maza da allo a wuyansu mai cewa sun ci amanar jinsi. Layuka kaɗan ne, amma sun isa mai karatu ya gane cewa marubuciyar ta zagaya duniyar da ta gina, ta leƙa kowane lungu. Littafin manya ne, na sani. Sai dai ban ga dalilin da zai sa a ba matasa duniya mai rabin gaskiya ba, alhali su ne suka fi kowa saurin gano ƙarya.

Da kuka fara shigo da su kuma, sai aka koma wata matsalar, wadda yarinyar nan ta haddace. Ana kawo tauraron a matsayin ɗan rakiya, mai barkwanci ko mai jarumta, a sa mu so shi, sannan a kashe shi don jaruma ta samu abin kuka kafin yaƙin ƙarshe. Sau da yawa ma ba ma sanin abin da ke zuciyarsa sai yana kan gargara. A Insurgent na Veronica Roth, 2012, sai da Lynn ta zo mutuwa sannan ta furta irin son da take yi wa Marlene, ita kuma Marlene ta riga ta mutu. Maganar ta fito a daidai lokacin da ba za ta ƙara wa labarin wani nauyin da marubuci zai ɗauka ba.

Misalin da ya fi tayar da ƙura ya faru a talabijin. Shirin The 100, wanda aka gina a kan littafin matasa na Kass Morgan, ya ƙirƙiro Lexa, shugabar mayaƙa wadda babu ita a littafin, ya shafe tsawon lokaci yana gina soyayyarta da jaruma Clarke. A kashin da aka nuna ranar 3 ga Maris, 2016, mintuna kaɗan bayan su biyun sun amince wa juna, harsashin da ba ita aka nufa da shi ba ya same ta. Matasa masu kallo suka fusata, kuma fushin bai tsaya a intanet ba: sun tara fiye da dala 100,000 suka ba ƙungiyar Trevor Project, mai aikin hana irin waɗannan matasa kashe kansu. Ku lura da inda suka kai kuɗin. Sun san abin da irin wannan mutuwa ke faɗa wa yaron da ke kallo shi kaɗai a ɗaki.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Labarin baƙar gobe ba ya yiwuwa sai da mutuwa, kuma ba na cewa a yi wa wani tauraro rigar sulke. Idan taurari goma irin wannan suna cikin labari, biyu suka mutu, wannan yaƙi ne. Idan ɗaya tak ne kuma kullum shi ke faɗuwa, wannan saƙo ne. Kuma saƙon yana da asali. Daga 1934, dokar tace finafinai ta Hays a Amurka ta hana nuna irin waɗannan mutane a fili, kuma duk wanda aka nuna yana aikata abin da dokar ta ɗauka laifi, tilas ƙarshensa ya zama hukunci. Dokar ta mutu a 1968, amma hannun marubuta ya riga ya saba. Kuna maimaita hukuncin wata hukumar tacewa da ta daɗe a kabari, kuna zaton ilhama ce.

Akwai kuma ihu bayan hari. An gama buga littafi, an sayar, an kwashe riba, sai marubuci ya fito a taro ko a shafinsa ya ce ai wane ma haka yake. Mafi shahara shi ne na J.K. Rowling game da Dumbledore, shugaban makaranta a littattafanta na Harry Potter, a watan Oktoba na 2007 a birnin New York, watanni uku bayan fitowar littafi na ƙarshe. Ba labarin baƙar gobe ba ne, amma ya buɗe wa da yawa hanya. Abin da ba ya cikin shafi ba ya cikin labari. Yaron da ke karatu da daddare ba ya wurin taronku.

Ku editoci da wakilai, kaso mafi girma na wannan magana naku ne, domin sau da yawa ba a teburin marubuci ake goge tauraron ba. A watan Satumba na 2011, marubuta biyu, Rachel Manija Brown da Sherwood Smith, suka wallafa a dandalin mujallar Publishers Weekly cewa an yi musu tayin karɓar littafinsu na bayan rugujewar duniya bisa sharaɗin su mayar da wani tauraro mai son maza, Yuki, ya zama mai son mata, ko kuma su cire muryarsa daga labarin. Kamfanin wakilan da abin ya shafa ya musanta cewa haka maganar ta kasance, kuma adalci ne in faɗi hakan. Amma da ƙurar ta tashi, wasu marubuta da dama suka fito suka ce su ma sun taɓa jin makamancin haka. A wannan shekarar marubuciya Malinda Lo ta zauna ta yi lissafi, ta kiyasta cewa littattafan matasa masu irin waɗannan taurari ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Littafin Brown da Smith, Stranger, ya fito a 2014 da Yuki yadda suka halicce shi. Sama ba ta faɗo ba.

Na san amsarku: kasuwa. Makarantu ba za su saya ba, iyaye za su yi ƙorafi, wasu ƙasashe ba za su bari ya shiga ba. Ba ƙarya kuka yi ba, domin a shekarun nan littattafan da aka fi neman a cire daga ɗakunan karatu a Amurka, da yawansu saboda wannan batu ne. Amma ku saurari kanku. Kuna buga littafin da ke koya wa yaro ya tsaya gaban bindiga saboda gaskiya, ku kuma kuna goge mutum daga shafi saboda tsoron wasiƙar ƙorafi. Matasa suna ganin wannan tazara, kuma ba su yafe ta da sauƙi.

Abubuwa sun sauya tun 2011, ba zan ɓoye ba, kuma waɗanda suka yi aikin da kyau sun cancanci a ambace su. A Proxy na Alex London, 2013, jarumin, Syd, maraya ne da bashi ya ɗaure, wanda duk lokacin da wani ɗan masu kuɗi mai suna Knox ya yi laifi, shi ake duka a madadinsa. Syd maza yake so, an faɗa tun da wuri ba tare da kaɗa ganga ba, kuma jigon labarin yana nan a kan bashi da bauta. A We Set the Dark on Fire na Tehlor Kay Mejia, 2019, makaranta ce ke horar da 'yan mata don a aurar da su bibbiyu ga ɗan babban gida guda, ɗaya ta riƙe harkokinsa, ɗaya ta haifa masa 'ya'ya. Tsarin ya shirya su zama kishiyoyi masu gaba da juna, sai zukatansu suka karkata ga juna, kuma daga nan katangar mulkin ta fara tsagewa. A nan soyayyar ba ado ba ce, ita ce ginshiƙin labarin. In ka cire ta, ginin ya rushe.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne Pet na Akwaeke Emezi, daga Umuahia a Najeriya, wanda ya fito a 2019 har ya kai zagayen ƙarshe na gasar National Book Award ta Amurka. Jam yarinya ce da aka haifa aka ɗauka namiji ce, ta faɗa wa iyayenta ko ita wace ce tun tana 'yar shekara 3, suka karɓa. Shi ke nan, an wuce wurin. Abin tsoron da ke birnin Lucille wani ne daban: manya sun yi ittifaƙin cewa an gama da miyagu har abada, don haka babu mai yarda cewa ana cutar da wani yaro a cikin gidan mutumin kirki. Jam ce ke farauto gaskiyar. Ba a tambaye ta ta kare kasancewarta ba, an ba ta aiki irin na kowace jaruma.

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo gare ta. Cikin masu karanta wannan wasiƙa, da cikin ku kanku, akwai waɗanda imaninsu da tarbiyyarsu ba su amince da soyayyar jinsi ɗaya ba, kuma ba da wasa suke riƙe da wannan ba. Ban rubuto don in yi musu izgili ba, ban kuma ce ƙagaggen labari ne zai warware saɓanin da ke tsakanin mutane ba. Abin da nake cewa ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi wuyar kaucewa. Waɗannan yara suna nan. Suna ajinmu, suna da'irar karatunmu, wasunsu ba su taɓa faɗa wa kowa komai ba. Adabi kullum yana nuna mutanen da mai karatu bai yarda da hanyarsu ba, kuma nuna mutum ba wa'azin a bi shi ba ne. Sannan darasin da labaran baƙar gobe suka fi nanatawa shi ne azzalumi yakan fara gwada wuƙarsa a wuyan wanda ya san babu mai tsaya masa. In ta ci, ya matsa gaba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ko wanda bai yarda da yaron can na kujerar gefe ba, yana da buƙatar ya san abin da hukuma ta yi da shi, domin ƙofar da aka fitar da shi ta ita za a fitar da na gaba.

Don haka roƙona gare ku, marubuta, idan kun gina gwamnatin da ke raba aure da haihuwa, ku tambayi kanku inda ta kai waɗanda ba su shiga layi ba, kuma amsar ta fito a shafi, ko da sakin layi ɗaya ne. In kun kawo tauraron, ku ba shi abin da kuke ba saura: buri, da aibi, da fushi, da abin dariya, da wani abu da yake so a duniya ban da a yarda da shi. Ku bar shi ya yi kuskure, ya zama mugu ma in labarin ya buƙata, muddin ba shi kaɗai ne irinsa a littafin ba. In ba ku san rayuwar ba, ku nemi waɗanda suka san ta su karanta kafin a buga, ku biya su ladan aikinsu. Ku kuma ba marubutan da rayuwarsu ce wuri a jerin littattafanku, da kuɗin talla irin wanda kuke kashe wa saura.

Ku editoci, akwai rubutu a kan teburinku yanzu haka. Ku nemi sunan tauraron a cikin kwamfuta, ku ga shafin ƙarshe da ya bayyana. In a tsakiyar littafi ya tsaya, ku kira marubucin ku tambaye shi dalili, ku kuma saurara da kyau ko dalilin na labarin ne ko na sabo.

Yarinyar nan har yanzu tana zuwa da'irar karatu, kuma har yanzu ta baya take fara buɗe littafi. Na daina hana ta. Kwanakin baya na miƙa mata Pet. Ta kifa shi kamar kullum, ta ɗora yatsa a kan layi, ba ta yi nisa ba ta tsaya. Sunan Jam yana nan. Ta rufe, ta sa shi a jaka, ta tambaye ni ko akwai wani irinsa. Na lissafa mata waɗanda na sani, ban cika yatsun hannu biyu ba.

Naku,
Wani mai karatu.